Zaman Iyali: Maigida Da Kekensa

A wannan fitowa zan amsa wasiƙar wata baiwar Allah ce daga Kano. Ta ce maigidanta ya shiga ƙungiyar mahaya keke, duk Asabar in ya fita sallar asuba ba ta sake ganin ƙeyarsa sai hantsi. Har take tambaya, "Malam, anya keken ne kuwa, ba zance yake zuwa ba?"

To 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, mai zuwa zance ba ya dawowa yana tsamin gumi. Ni ma ɗan irin wannan ƙungiya ne tun ranar da likita ya ce jinina ya hau, ga tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki. Bari in fayyace miki irin fitar da ake yi, don ki san wadda naki yake bi.

Ta farko ita ce fitar sababbin shiga. Tafiya ce ta shan iska, kilomita 15 zuwa 20, ana tuƙi ana hira. Akwai jagora a gaba, akwai wani a can baya ɗauke da famfo da kayan faci. Dokarta guda ce, ba a barin kowa a hanya. Tayar mutum ɗaya ta yi faci, kowa ya tsaya.

Ta biyu fitar iyali ce, wadda ake zuwa da yara a zagaya inda babu motoci, a koya musu riƙe birki da ba da hannu kafin a sha kwana.

Ta uku ita ce dogon zango, kamar daga Kano zuwa Wudil a dawo, sama da kilomita 80 ke nan. Wannan sai da guzurin ruwa da dabino, kuma ita ce mai cinye safiya ɗungurungum. Ina kyautata zaton ita ce kishiyar taki.

Akwai kuma ta burji, inda ake barin kwalta a bi ta ƙauyuka da keke mai kaurin taya.

Sai ta 'yan gudu, masu wuce kilomita 30 a awa. Su a layi suke tafiya, taya dab da taya, na gaba yana tare wa na baya iska, har na bayan ya samu sauƙin wajen kashi ɗaya cikin uku na wahalar. In na gaba ya gaji ya koma baya, wani ya karɓa. Su fa ba sa jiran kowa.

Nan na kwashi kashina a hannu. Sati uku kacal da shigata na ce ai ni ma namiji ne. Jagora ya ce, "Alhaji, ka bari tukuna." Na ƙi. Wallahi ko Mariri ba mu kai ba na daina hango su, numfashi ya gagara, ƙafa ta ɗaure. A bayan a-kori-kura aka dawo da ni. Uwargida ta dube ni ta ce, "Sannu Maigida, kai ka hau keken ko shi ya hau ka?" Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Da sati ya zagayo na koma cikin sababbi, ba girman kai.

Saboda haka 'yar'uwa, kar ki hana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma gara ki yi kishi da keke da ki yi jinya a asibiti. Kai kuma maigida, laifinka ne da ka bar ta cikin zullumi. Ka gaya mata fitar da za a yi da lokacin dawowa, ka ajiye kuɗin cefane kafin ka sayi sabuwar kaca, ka sa hular kwano. In ranar fitar iyali ta zo, ka ɗebi yaran, ita ma ta samu ta huta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.