Jirgin sojanmu da aka tsare a Bobo-Dioulasso

1/ Har yanzu ina ganin masu zagin Burkina Faso kan jirgin C-130 na sojan saman Najeriya da ya sauka a Bobo-Dioulasso ranar 8 ga Disamba 2025. Jama'a, a nan kam ban bi ku ba.

2/ Sojojinmu sun ce Portugal jirgin ya nufa, ya samu matsala, dole ya sauka. To, rai ya fi komai. Amma ƙorafin Burkina daban ne: wai ba shi da izinin ratsa sararin samaniyarta.

3/ Sashe na 3 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 a fili yake: jirgin soja ba ya ratsa wata ƙasa sai da izininta. Ta hanyar diflomasiyya ake nema, a faɗi rana da hanyar da za a bi.

4/ Kwana ɗaya kafin nan fa jiragenmu suka kai wa masu juyin mulki farmaki a Kwatano. Kai ne Traoré, washegari ka ga jirgin sojan Najeriya, ya za ka yi?

5/ Ni ɗan Kutemeshi ne, can Birnin Gwari. In jirgi ya yi ƙara a kan daji, uwa kan janyo ɗanta ɗaki, kowa na tambayar na waye, ina ya nufa. Tun bayan Tudun Biri, ko an ce namu ne, gaba sai ya faɗi. Shi ya sa ba na raina tambayar Burkina.

6/ Mutum 11 suka fi mako a can, sai da Yusuf Tuggar ya je Wagadugu. Wa ke da alhakin takardar izinin? Shi nake so majalisa ta kira.