Idan Na'ura Ta Yi Ɓarna, Wa Zai Biya?

A watan Fabrairun 2024 wata ƙaramar kotun ƙararrakin farar hula a lardin British Columbia na Kanada ta saurari wata hujja mai ban mamaki. Wani mutum kakarsa ta rasu, ya shiga shafin kamfanin jiragen sama na Air Canada zai sayi tikiti, sai manhajar da ke amsa tambayoyin fasinjoji ta ce masa ya biya cikakken kuɗi, daga baya cikin kwana 90 ya nemi rangwamen da ake yi wa waɗanda aka yi wa rasuwa. Da ya dawo ya nema, kamfanin ya ce ƙa'idarsa ba ta yarda da neman rangwame bayan tafiya ba. A gaban kotu kuma ya kafe cewa manhajar aba ce mai zaman kanta, ita ke da alhakin abin da ta faɗa. Kotun ta yi fatali da wannan, ta sa shi ya biya dalar Kanada 800 da 'yan kai. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin ya tsaya a inda ya kamata doka ta tsaya: wanda ya ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan aiki, yake kwasar ribarta, shi zai ɗauki ɓarnarta.

Akwai masu ganin a ba na'ura matsayi na kanta a doka, kamar yadda aka ba kamfani. Majalisar Tarayyar Turai ta taɓa neman a duba yiwuwar haka a 2017, amma dokar da Tarayyar ta kafa a 2024 ta bar wannan hanya, ta ɗora nauyi a kan masu ƙera fasahar da masu amfani da ita. Ta yi daidai. Kamfani yana da asusu da kadara da shugabannin da za a gurfanar. Manhaja ba ta da aljihun da za a ci tara, ba ta jin zafin kurkuku, ba ta jin kunya. Duk wanda ya ce a tuhume ta, abin da yake nufi shi ne wanda aka cuta ya koma gida hannu rabbana.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wancan ɓangaren ita ce waɗannan na'urori koyo suke yi daga tarin bayanai, har waɗanda suka ƙera su ba sa iya cewa ga abin da za su yi gobe, to yaya za a kama mutum da abin da bai umarta ba, bai kuma hango ba? Tambayar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Makiyayi ma bai san gonar da saniyarsa za ta karkata ba, amma ba saniyar ake kaiwa gaban alƙali ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na ƙasar Hausa ke aiki da shi, ya daɗe da tsara wannan: mai kora dabba da mai janta da mai hawanta su ke da lamunin abin da ta taka, ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare kuma tana kan masu su. Abin lura shi ne alhakin yana bin wanda ragama ke hannunsa. Masu cewa wannan zai kashe wa kamfanoni gwiwa su tuna cewa asarar tana nan ko an biya ko ba a biya ba. Abin tambaya kawai, wa za a bar wa ita, kamfanin da zai iya sayen inshora ko fasinjan da ke hanyar jana'iza?

A shari'ar laifi ne abin ya fi wuya, domin a can sai an tabbatar da niyya ko mummunan sakaci, kuma a can ne hatsarin a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci dukan laifi ya fi yawa. A daren 18 ga Maris 2018, wata motar gwaji ta Uber mai tuƙa kanta ta kaɗe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, ta mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa na'urar motar ta hango matar tun saura daƙiƙa biyar da 'yan kai, amma ta yi ta sauya ra'ayi, yanzu ta ɗauke ta mota, an jima keke, an jima wani abu da ba ta gane ba. Hukumar ta gano kuma kamfanin Uber ya kashe birkin gaggawa da Volvo, kamfanin da ya ƙera motar, ya haɗa mata, ya kuma rage masu sa ido a cikin kowace mota daga biyu zuwa ɗaya. Matar da ke zaune a kujerar direba hankalinta na kan waya, wannan laifi ne, ba mai wanke ta. A 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin hatsari, aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa idon hukuma. Kamfanin kuwa ya sasanta da iyalan mamaciyar cikin 'yan kwanaki, a 2019 masu gabatar da ƙara suka ce ba su ga laifin da za su tuhume shi da shi ba.

Za a ce ai ba a san wane mutum guda ne a kamfanin ya yi sakacin ba, shawara ce ta mutane da yawa. To wannan giɓi ne da majalisa za ta iya cikewa. Doka ta tilasta wa duk mai sakin irin wannan na'ura a titi, ko a banki, ko a asibiti, ya rubuta sunan jami'in da ya sa hannu cewa ta isa a sake ta, ya kuma adana bayanan duk abin da aka kunna da abin da aka kashe. Da akwai irin wannan takarda a Tempe, da mai gabatar da ƙara ya san ƙofar ofishin da zai ƙwanƙwasa ya tambayi wanda ya ba da umarnin a kashe birkin.