MOTAR ƘUNGIYA: GYARA DABAN, KARAMBANI DABAN

'Yan'uwa manoma, kaka ta gabato, lokacin da motar ƙungiya ba ta hutawa. Ita ce mai kwaso masara daga gona, ita ce mai kai buhuna kasuwa, ita ce kuma akan tayar da tsakar dare in naƙuda ta yi wa wata tsanani. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, riƙon mota ya yi nauyi, kayan gyara kuma sun yi tsada. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa sun sa samarinsu su riƙa duba motar da kansu. Mun goyi bayan wannan ƙwarai. Amma akwai abu guda da muke so mu ja kunne a kansa. Gyara shi ne a mai da abu yadda maƙerinsa ya yi shi. A cire wani abu ko a ƙara wani don an ji ana yi, wannan karambani ne, kuma garin neman gira akan rasa ido.

Rai tukuna

Kuskuren farko na sabon hannu shi ne shiga ƙarƙashin mota tana bisa jak kaɗai. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba ne, balle a ƙasar gona mai taushi. A tokare motar da kututture mai ƙarfi, a sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi. Kada a yi amfani da bulon siminti, gama yakan ruguje ba gargaɗi.

Na biyu, buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa kuwa yana iya wuce na tafasa. Da an murɗa murfin sai ya feso a fuska. A jira inji ya huce.

Na uku, batir. In za a kwance, a fara da wayar da ke da alamar ragi, watau wadda ke haɗe da jikin mota. In za a mayar, ita ce ta ƙarshe. Wanda ya fara da ɗaya wayar, in sifanarsa ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi a hannunsa.

Abin da akan cire

A nan ne ɓarna ta fi yawa, domin mai yin ta yana tsammani dabara ce. Mota ta fara zafi, sai a ce a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat wata 'yar ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. In babu ita, da safiyar hunturu inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, ya riƙa cin kansa. Abin da ya kawo zafin kuwa yana nan. Sau da yawa ƙaiƙayi ne da ƙura suka toshe lagireto, ko fambel ya saki, ko ruwa na yoyo. Waɗannan ne ya kamata a nema.

Haka kuma fiyus. An yi shi ne ya ƙone domin kada wayoyin mota su ƙone. In ya mutu, sai ka ga an naɗa masa waya ko takardar sigari. Ran da matsalar ta dawo, babu mai tsare ta, sai hayaƙi daga ƙarƙashin sitiyari. Kowane fiyus yana da lamba a kansa, 10 ko 15 ko 20. A maye shi da mai lamba ɗaya. In sabon ma ya mutu, akwai wayar da ta goge, a bi ta.

Matatar iska ma akan jefar da ita in ta toshe, a ce a bar inji ya sha iska. A hanyoyinmu, abin da zai sha ƙura ce, ƙura kuwa kamar yashi take a cikin inji.

Abin da akan ƙara

Akori-kura irin tamu an yi ta ne ta ɗauki wajen tan ɗaya. Buhu goma ke nan na kilo 100, kuma direba da masu rakiya suna cikin lissafin. Sai a kai ta wurin mai walda a ƙara mata sifirin, a ɗaga bodi, a ɗora buhu ashirin. Gaskiya ne bayanta ba zai zauna ba. Amma birkin nan shi ne na dā, tayoyin su ne na dā, haka ma ƙarfen gindinta. Sifirin ya ɓoye nauyin ga ido ne kawai. A gangare birki zai faɗi gaskiya, matanmu kuwa suna zaune bisa buhunan.

Da yake mun ambaci birki, man birki ba shi da madadi. Ruwan sabulu yana sa tsatsa, yana kuma tafasa in birki ya yi zafi, feda ta tafi ƙasa. Baƙin mai yana kumbura robobin. Toshe bututun ƙafa ɗaya da ƙusa don yana yoyo, tafiya ce da birki uku.

Sabon karambanin zamani shi ne na iskar gas. Mai da mota ta yi aiki da gas abu ne mai kyau in masana suka yi shi da tukunyar da aka ƙera domin haka. Matsin da ke cikinta ya ninka na tukunyar girki fiye da sau goma. A 2024, a birnin Benin, wata tukunya haɗin walda ta fashe ana cikin cika mota, mutane suka ji raunuka. Kada tsadar fetur ta kai wata ƙungiya ga wannan.

"Ai haka ake yi tun dā"

Mun san waɗansu dattawa za su ce sun riƙe mota shekara da shekaru da irin waɗannan dabaru. Muna girmama su. Amma motocin Peugeot da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 masu kafireto ne, kusan kome nasu ana gani da ido. Yawancin na yanzu suna da na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ke auna zafi da iska kafin ta ba inji mai. In an cire tamostat, sai ta ɗauka inji bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai. In an zare kan batir inji yana aiki, don a gwada caji kamar yadda akan yi dā, ana iya ƙona ta, kuɗinta kuwa ya isa taki na gona guda.

Shawararmu ga kwamitoci

1. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu su kula da mota, a tura su su zauna da amintaccen makanike su koya.

2. Aikinsu shi ne duba baƙin mai, ruwa, iskar taya, man birki da fitilu kowace safiya, da canja mai da matata a kan lokaci. Baƙin mai ya tsaya tsakanin layi biyu na sandar awo, gama yawansa ma illa ne.

3. Birki, sitiyari da cikin inji na gwani ne.

4. Kada a cire ko a ƙara wa mota kome sai kwamiti ya zauna.

5. Magatakarda ya ajiye littafi a rubuta kowane gyara da ranarsa da kuɗinsa.

Motar nan da gumin membobi aka saye ta, har da na gwauraye mata waɗanda suka ba da mudu-mudu. Amana ce a hannunmu, za mu kuwa ba da lissafinta a gaban 'yan'uwa da gaban Ubangiji. Wanda bai sani ba ya tambaya, matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.