Kokawa Ce Ko Wasan Alkafura?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kallon talabijin na ɗalibai a daren da ake nuna kokawar Turawa, wadda yara ke kira resilin, ya san akwai gardama iri biyu da ba ta ƙarewa. Ta farko ita ce ta baƙo, wanda zai leƙo ya taɓe baki ya ce, "Ku dai ba kwa gajiya da kallon ƙarya." Wannan ba za mu ɓata tawada a kansa ba, domin tsohon labari ya kawo. Tun a shekarar 1989 kamfanin WWF, wanda ya koma WWE a 2002, ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey ta Amurka cewa abin da yake shiryawa nishaɗi ne, ba gasa ce ta haƙiƙa ba, don ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Kowa ya san tun kafin a kaɗa ƙararrawa an riga an yanke wanda zai sha kaye.

Gardama ta biyu ita ce ta 'yan gida, ita ce kuma ta sa muka ɗauki alƙalami. Wasu na son kokawar da ake riƙe-riƙe da murɗe-murɗe, a yi gumi, a ga alamar wahala a fuskar kowa. Wasu kuwa ba su ganin an yi wasa sai an hau igiyar sama an diro, an yi alkafura biyu a iska kafin a faɗo kan abokin karawa. Mu dai ba za mu ɓoye inda muka tsaya ba. Muna tare da kashin farko, kuma muna ganin tsalle-tsallen da ya mamaye wannan sana'a yana cin ta ta fuska biyu: yana kashe ma'anar wasan, yana kuma kassara masu yin sa.

Wani zai ce, tun da duk shiri ne, mene ne na neman kama da gaskiya? Mu da muke nazarin adabi bai kamata wannan tambaya ta ba mu wuya ba. Babu yaron da ya isa zama gaban kaka da daddare da bai san cewa gizo ba ya magana ba. Amma bari kaka ta ce kura ta cinye Gizo ɗungum, sa'an nan ba tare da wani bayani ba ta ce ga shi can a kasuwa yana sayen daddawa, nan take yara za su yi mata caa. Ashe ƙagaggen labari ma yana da dokarsa. Mai sauraro ya yarda a yi masa ƙarya, amma bai yarda a raina masa hankali ba. To, haka resilin take. Labari ne ake bayarwa da jiki, harshensa kuwa ciwo ne. Kowane bugu kalma ce, kuma wanda aka buga shi ne yake ba kalmar ma'ana. Idan ya dafe ƙugu, ya miƙe da ƙyar, ya yi ta ɗingishi har ƙarshen wasa, mun fahimci abin da aka faɗa. Idan kuwa aka ɗaga shi aka buga kansa da ƙasa, ya yi zumbur ya tashi kamar wanda aka kira cin tuwo, to an yi surutu ne kawai, ba a ce kome ba.

Ga misali. A ranar 27 ga Mayu, 2016, a zauren Korakuen da ke Tokiyo, Will Ospreay ɗan Ingila ya kara da Ricochet ɗan Amurka a gasar kamfanin New Japan. Sun buɗe wasan da wuntsile-wuntsile, wannan ya tsallake wancan, wancan ya kauce wa wannan, daga ƙarshe suka yi alkafura tare, suka dira a tsaye suna kallon juna. Hoton ya zaga duniya. Tsohon ɗan kokawa Vader ya fito ya soki abin, yana mai cewa wasan motsa jiki ne aka haddace, babu labari a ciki. Matasa suka yi masa ca, suka ce tsufa ne da hassada. Sun manta cewa shi kansa Vader, duk da ƙatoncinsa, yakan hau igiyar sama ya yi alkafura da baya. Bambancin shi ne, shi yakan ajiye ta ne sai lokacin da yake son gama da mutum. Ba mu musun gwanintar waɗannan samari biyu. Abin da suka yi ba kowa ke iyawa ba. Tambayarmu ɗaya ce: a cikin wannan musayar, wa ke neman kada wani? Mutum biyu da ke taimakon juna don su burge jama'a rawa suke yi, rawa kuwa tana da filinta.

Mai kallo da idon basira zai ga wannan taimakon juna a fili. Sau nawa muka ga ƙarti huɗu ko biyar, waɗanda aka ce mana abokan gaba ne, sun taru a gefen dandali sun ɗaga kai sama, sun ware hannuwa, suna jiran wani ya gama daidaita ƙafarsa a kan igiya ya faɗo musu? A wace rigima ce mutum ke tsayawa ya tare wanda ya zo halaka shi don kada ya ji ciwo? A nan ne asirin wasan ke tonuwa, kuma masu shi ne suka tona da hannunsu.

Bugu da ƙari, abin ya zama tamkar kuɗin da aka buga da yawa har darajarsa ta zube. Iyayenmu suna ba da labarin abin da kwabo ke saye a da. Yau ko a hanya aka yar da shi ba mai sunkuyawa. A shekarun 1980, idan Jake Roberts ya maƙale wuyan mutum ya faɗi da baya ya buga kansa da ƙasa, wato kamun nan da ake kira DDT, wasa ya ƙare, sai dai alƙali ya ƙirga uku. Yau ana yin wannan kamu a tsakiyar wasa, wani lokaci daga kan igiya ma, mutum ya tashi kafin a ce biyu. Shurin nan guda da Shawn Michaels ke gama wasa da shi, yanzu sai a yi goma a karawa ɗaya. To, idan alkafura ɗaya ta daina motsa 'yan kallo sai a yi biyu; idan igiya ta gaza sai a ɗauko tsani; idan tsani ya gaza sai a hau rufin keji. Ina za a tsaya? Tun ranar 28 ga Yuni, 1998, da Andateka ya jefo Mick Foley daga saman keji, tsawon kamar ƙafa 16, ya faɗo kan teburin masu sharhi, ake ta samun masu neman su wuce nan. Amma ƙashin ɗan Adam bai ƙara ƙwari ba daga wancan lokaci zuwa yau.

Wannan ya kawo mu ga fuska ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi, domin rai da lafiya take taɓawa. Masu iya magana sun ce tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Sakamakon wasa shiri ne, amma ƙasa ba ta san an yi shiri ba. Dynamite Kid, Baturen Ingila wanda karawarsa da Tiger Mask a Japan a farkon shekarun 1980 ta buɗe wa wannan salo ƙofa, ya shahara da dirowa daga sama da ka. Ya ji mummunan rauni a baya a 1986, ya haɗa da shan ƙwayoyi don ya ci gaba da aiki, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, ya mutu ranar 5 ga Disamba, 2018, ranar da ya cika shekara 60. Hayabusa na Japan, a ranar 22 ga Oktoba, 2001, ya taka igiya zai yi alkafurar da ya saba yi, ƙafa ta zame, ya faɗo ta ka, jikinsa ya shanye. Ya rasu a 2016 yana da shekara 47. Shi kansa Ospreay da muka ambata, a 2025 sai da aka yi masa aiki a wuya, alhali yana da shekara 32 kacal. Masu tafi sun watse sun koma gidajensu, mai tsalle ne kaɗai ke kwana da ciwonsa.

Sai dai adalci ya wajaba a kanmu, ko da a cikin gardama ne. Ba cewa muke yi duk wanda ya bar ƙasa ya yi laifi ba. A Meziko, inda Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin kokawa tun 1933, tsalle da sauri gadon gida ne, yana da ƙa'idojinsa da mutuncinsa, har ta kai El Santo da ya rasu a 1984 da abin rufe fuskarsa aka binne shi. Kuma duk wanda ya kalli karawar Rey Mysterio da Eddie Guerrero ta watan Oktoban 1997, inda Rey ya sa abin rufe fuskarsa a caca, zai ga tsalle mai dalili. Ƙaramin mutum ne da ake ta murƙushewa, ba shi da mafita sai iska. Kowace dira tasa ƙundumbala ce ta wanda aka kai bango. Irin wannan ba mu da ja a kansa. Gishiri ne a miya. Abin da muke ƙi shi ne a cika tukunya da gishiri a ce mana miya ce.

Haka kuma ba za mu rufe ido ga ɓarnar da ake yi da sunan "gaskiya" ba. Akwai masu zaton kama da gaskiya shi ne a doki mutum da gaske. Wannan ma ɓata ce. Mitsuharu Misawa, ɗaya daga cikin gwanayen Japan, ya shafe shekaru ana jefa shi ta wuya don a nuna wasan ba na yara ba ne. Ranar 13 ga Yuni, 2009, a Hiroshima, aka yi masa wata jifa da baya, bai sake tashi ba, yana da shekara 46. Katsuyori Shibata ya yi wa Kazuchika Okada karo da ka na haƙiƙa a watan Afrilun 2017, jini ya taru a ƙwaƙwalwarsa, sai da aka buɗe kansa, ya yi shekaru bai koma fage ba. Wanda ya fasa kansa don a ce ya yi gaskiya da wanda ya karya wuyansa don a ce ya iya tsalle, duk jirgi ɗaya ya kwaso su: sun sayi tafi da jikinsu.

To, mece ce gwanintar? Ita ce a sa mai kallo ya ji zafin, alhali wanda aka buga ya koma gida lafiya. Bret Hart ɗan Kanada ya sha yin alfahari da cewa bai taɓa yi wa abokin karawarsa mummunan rauni ba, amma duk wanda ya ga naushinsa zai rantse haƙori ya fita. A duba karawarsa da Steve Austin ranar 23 ga Maris, 1997, a taron WrestleMania na 13. Babu alkafura ko ɗaya. Bret ya bi ƙafar Austin yana ta sassaƙa, daga ƙarshe ya harɗe ƙafafunsa ya zauna a bayansa. Austin, jini na zuba a fuskarsa, ya yunƙura, ya kusa kuɓuta, ya sake faɗuwa, ya ƙi cewa ya sallama har ya suma, alƙali ya tsayar da wasa. An shiga fagen ana ganin Bret ne mutumin kirki, aka fita jama'a sun koma bayan wanda ya sha kaye. Kamu guda, da fuska guda, suka juya zukatan dubban mutane. Wace alkafura ce ta taɓa yin haka?

Kada kuma a ce mana wannan salo ya mutu tare da zamaninsa. Gunther ɗan Ostiriya, wanda babban makaminsa marin ƙirji ne da shaƙe wuya, ya riƙe kambun Intercontinental na WWE kwana 666, daga 2022 zuwa 2024, ba wanda ya taɓa riƙe shi haka a jere. Ɗan ƙasarmu Oba Femi, haifaffen Legas, ya ci kambun NXT a watan Janairun 2025 da ɗagawa da jefarwa irin ta mai ƙarfi. Jama'a ba su yi barci a wasanninsu ba.

Saura namu laifin. Mu 'yan kallo ne muke ciyar da wannan ɗabi'a. Yau mafi yawanmu ba mu kallon karawa daga farko zuwa ƙarshe, sai guntun hoto na daƙiƙa talatin a waya, guntu kuwa ba ya ɗaukar labari, tsalle kaɗai yake ɗauka. Abin da muka fi turawa juna shi masu kamfani za su ƙara buƙata daga yaransu. Kuma ba a Amurka ko Japan abin ke tsayawa ba. A unguwanninmu muna ganin ƙannenmu suna hawa katanga suna dirowa kan tsohuwar katifa, wani lokaci kan ɗan'uwansu, duk da gargaɗin da WWE ke yi cewa kada a gwada a gida. Yaro ba ya kwaikwayon haƙuri da dabara, abin da ya ji an yi wa ihu shi yake kwaikwayo.

Abin mamaki ne a ce mu ne za a koya wa darajar kaye. Mu da muka gaji kokawa, inda ƙato biyu za su daɗe suna lallaɓar juna, filin ya yi tsit, kaye ɗaya ya raba gardama. Har Jamhuriyar Nijar ta mai da ita gasar ƙasa ta neman takobi tun 1975. Mu da muka gaji dambe, inda da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa sai a ce an yi kisa. Mun san cewa faɗuwa tana da nauyi ne saboda ba a yin ta sau goma. Muna da 'yan hoto da gardawa da masu wasan alkafura, muna kuma ba su kyauta idan sun burge mu, amma ba mu taɓa kiran su 'yan kokawa ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu masu leƙo ɗakin kallo a sace, idan an sake nuna wani ya diro daga tsani, kafin mu ɗaga murya mu tambayi kanmu abu biyu: me wannan tsalle ya ƙara wa labarin, kuma wa zai tura keken mai tsallen nan da shekara ashirin? Idan ba mu da amsa, mu adana tafinmu ga wanda ya iya sa mu gaskata shi ba tare da ya kashe kansa ba. Allah Ya sa mu gane.