Motar haya a ƙasar waje: Darasin da matafiyi zai ɗauka daga direbobin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Karɓar motar haya a tuƙa da kai a ƙasar waje ya daina zama abin masu hannu da shuni kaɗai. Ɗan kasuwar da ya je Dubai, da magidancin da ya haɗa Umara da 'yan kwanakin hutu a Saudiyya, duk suna iya buɗe manhaja su zaɓi mota tun suna gida. Abin da ya ba su wannan ƙarfin gwiwa shi ne wayar salula: ita ce taswira, ita ce tafinta, ita ce bankin. A nan kuma haɗarin yake, musamman a ranar farko, lokacin da mutum bai san motar ba, bai san hanyar ba, kuma bai ma tabbatar wayar za ta yi aiki ba.

Wanda ya fi kowa sanin maganin wannan matsala shi ne direban kudancin Katsina. A watan Satumban 2021 aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. An shafe watanni ba kira, ba data. Amma motoci ba su daina zirga-zirga ba. Direban da zai bi hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko ta Dandume zuwa Sabuwa, yana da ƙa'idojinsa: ya tambayi wanda ya fito daga can kafin ya tashi, ya cika tanki, ya faɗa wa na gida lokacin da ake sa ran isarsa, kuma kada dare ya yi masa a hanya. Wahala ce ta koyar da waɗannan ɗabi'u, ba wanda zai so a maimaita ta. Sai dai su ne ainihin abin da baƙo ke buƙata ranar da aka miƙa masa makullin mota a Jidda.

Ƙa'ida ta farko ita ce a ɗauka cewa sabis zai ɗauke. Mutane da yawa ba su san cewa GPS ba ya buƙatar data ba, domin kai tsaye yake karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar. Google Maps na ba da damar sauke taswirar yanki guda a ajiye a waya, kuma za ta ci gaba da nuna hanyar mota ko babu intanet, illa dai ba za ta nuna cunkoso ba. Akwai kuma HERE WeGo da Organic Maps masu irin wannan aiki. Wannan shiri a gida ake yin sa, ba a harabar ajiye motoci ta filin jirgi ba. Haka batun layi: wayoyin iPhone daga XS zuwa sama da manyan wayoyin Samsung da dama suna karɓar eSIM, don haka ana iya sayen data tun kafin a tashi, ko a sayi layin STC, Mobily ko Zain da zarar an sauka. Layin gida kuma a bar shi a kunne, domin ta nan banki zai turo lambar tabbatarwa idan za a biya kuɗi.

Batun kuɗin ma yana buƙatar gwaji. Kamfanonin haya kan riƙe wani kaso a katin banki a matsayin jingina, kuma tun da bankuna da dama a Najeriya suka dakatar da amfani da katin naira a ƙetare a 2022, bai kamata kowa ya ɗauka katinsa zai yi aiki ba sai ya tambayi bankinsa iyakar abin da zai iya kashewa. Fasfo, lasisin gida da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa su kasance a hannu, hotunansu kuma a cikin waya.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta dare da gajiya. Mutumin Sabuwa da zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya riga ya ci sa'o'i a mota ta Dandume da Funtua kafin ya ga jirgi. Ya ƙara da jira, ya ƙara da sa'o'in sama, ga agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da sa'a 2. Irin wannan mutum ne zai sauka ya ce zai wuce Madina kai tsaye, tafiyar da ta haura kilomita 400, a kan titin da aka yarda ƙananan motoci su yi gudun kilomita 140 a wasu sassansa tun 2018. Manhaja za ta ce masa sa'a huɗu ne. Ba za ta ce masa idonsa ya yi nauyi ba. Abin da ya fi hankali shi ne ya hau tasi zuwa masauki, ya yi barci, ya karɓi motar da safe. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan an zo karɓar motar, mintuna 20 na farko na waya ne. A ɗauki bidiyon jikin motar gaba ɗaya, da tayoyi, da gilasai, da ma'aunin mai, da lambar kilomita, a gaban ma'aikacin. A tambayi irin man da take sha, domin a Saudiyya akwai mai lamba 91 da mai lamba 95. A gwada igiyar caji, tunda sababbin motoci da yawa ramin USB-C kaɗai gare su. A maƙala wayar a bakin iskar na'urar sanyaya mota maimakon jikin gilashi, saboda kamfanin Apple ya ƙayyade zafin da iPhone ke aiki a cikinsa zuwa digiri 35, kuma ranar Jidda na iya sa waya ta daina aiki ana tsakiyar shataletale. Sannan a saka adireshin kafin a tayar da mota. Kyamarorin Saher na Saudiyya ba gudu kaɗai suke kamawa ba, har da riƙe waya da rashin ɗaura bel. Babu jami'in da za a tsaya a ba haƙuri, tarar za ta biyo lambar motar, kamfani kuma ya cire daga katin. A Dubai ma haka kuɗin ƙofofin Salik ke taruwa shiru. Idan aka yi karo a Saudiyya, kamfanin Najm ne ke duba haɗuran motoci masu inshora, yana kuma da manhaja, gara a sauke ta da wuri.

Ƙa'ida ta uku ita ce tambaya. Wasu za su ce taswirar waya ta fi kowane ɗan gari sanin hanya, kuma sau da yawa gaskiya ne. Amma a Nuwamban 2024, a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, mutum uku sun mutu bayan motarsu ta faɗo daga gadar da ta yanke a kan kogin Ramganga, rahotanni kuma suka ce taswirar waya suke bi. Manhaja ta san gajeriyar hanya, ba lallai ta san wadda aka rufe jiya ba. Direban Faskari ba zai shiga hanyar da ya ga ba mota ko ɗaya da ke fitowa daga cikinta ba, ko da wa ya ce masa ita ce mafi kusa. Baƙo ma ya tambayi ma'aikacin otal ko mai gidan mai. Matambayi ba ya ɓata.

Saudiyya da Dubai suna tuƙi a hannun dama kamar yadda Najeriya ke yi tun 1972, wannan sauƙi ne. Wanda zai je Ingila kuwa, inda ake bin hagu kuma alamun gudu da mil ake rubuta su, ya nemi mota mai giya otomatik, ya kuma taƙaita ranar farko ga zagayen unguwa.

Idan an zo mayar da motar, akwai aiki ɗaya da ake yawan mantawa: duk wanda ya haɗa wayarsa da Bluetooth, Android Auto ko Apple CarPlay ya shiga saitin motar ya goge sunan wayarsa, lambobin da ta kwafa da adireshin masaukinsa, kafin ya miƙa makulli ga wanda bai sani ba.