Kada A Raina Yoyon Hayaƙi A Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba zuwa tashar mota da asuba ya san wani ƙara da waɗansu tsofaffin motoci su ke yi sa'ad da aka tashe su, tak-tak-tak kamar keken ɗinki, yana fitowa daga ƙarƙashin bonet. In injin ya yi 'yan mintoci yana aiki sai ƙaran ya lafa. Direba ya juyo ya dubi fasinja ya ce, "Ai sanyi ne, Alhaji, yanzu za ta ware." Kowa ya shiga, a rufe ƙofa, a kama hanya. To, mu kam muna ganin wannan ƙara ya isa a hana mota lodi, kuma za mu faɗi dalilinmu.

A gefen kan injin akwai wani ƙarfe mai rassa wanda makanikai ke kira manifol. Kowace silinda tana tofa hayaƙinta cikin reshe ɗaya, rassan su haɗu su zuba cikin bututun da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa salansa. Tsakanin manifol da kan injin akwai gaskit, an kuwa matse su da notuna bisa ƙusoshin da ke kafe a jikin injin. Babu wani ƙarfe a waje da injin da ke shan wuta kamar wannan. In mota ta ɗauki kaya tana hawa tudu, zafin hayaƙin da ke ratsa shi ya kan wuce digiri 600, har wani lokaci a ga ƙarfen ya yi ja da dare. In aka kashe injin kuma ya huce. Zafi yana buɗa ƙarfe, sanyi yana tsuke shi, kullum haka, shekara da shekaru.

A motoci da yawa manifol na ƙarfen zubi ne, kan injin kuwa na alminiyum, shi kuwa alminiyum in ya ji wuta buɗewarsa ta kusa ninka ta ƙarfen zubi. Watau abu biyu ne aka ɗaure tare, kowa yana ja da nasa ƙarfi. Sannu a hankali gaskit ya ƙone, ko ƙusa ta karye, ko fuskar manifol ta tanƙware, ko shi kansa ya tsage. Ƙaran nan na asuba hayaƙi ne ke tsartuwa ta wannan kafa. In ƙarfe ya ɗauki zafi ya buɗe sai kafar ta ragu, ƙara ya yi sauƙi, direba ya ce ta ware. Gobe kafar ta fi ta yau girma.

Da ƙara ne kaɗai da ba mu ɓata tawada a kansa ba. Cikin hayaƙin injin fetur akwai wata iska mai guba, sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In mutum ya shaƙe ta sai ta kama jininsa, ƙarfin kamunta kuwa ya fi na oksijin sau ɗari biyu da wani abu, sabo da haka jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Da fari ciwon kai, sa'an nan jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci. Ga direba da ke gudu bisa hanyar Kano zuwa Maiduguri, barcin daƙiƙa uku ya isa. In an zo ba da labari sai a ce gyangyaɗi ya yi, ba mai komawa ya buɗe bonet.

Wani zai ce ai hayaƙin a waje ya ke. Ina! Manifol yana gaban fasinja, iskar tafiya kuwa baya ta ke tura kome. Ƙofar da mota ke shan iska ta ba na ciki tana gindin gilashin gaba, dab da bayan bonet. Bangon da ya raba injin da mutane cike ya ke da huji, na waya da na birki da na sitiyari, robobin da suka toshe su kuwa a tsohuwar mota sun daɗe da ruɓewa. Tsofaffin bas irin Toyota Hiace ma injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba ya ke, murfi kaɗai ya raba shi da direba. Ga hunturu, kowa ya ɗaga gilashi ya naɗe kai da rawani. Mun taɓa tafiya cikin irin wannan bas wata safiya ta sanyi, kafin a yi rabin hanya mutum huɗu suna kukan ciwon kai, wata tsohuwa tana cewa warin fetur ne, wani yana cewa rashin karin kumallo ne. Da aka tsaya shan shayi yaron mota ya ɗaga murfin injin don ya ƙara ruwa, sai ga baƙin tabo na kunkunniya ya yi zane a gefen manifol.

Abin ya fi tsanani a ƙasarmu domin motocinmu tsofaffi ne. An daina ƙera Peugeot 504 a Faransa tun 1983, amma masana'antar Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fid da ita shekaru da yawa bayan haka, har yau kuwa akwai masu cin abinci da ita. Injin mai kabireta irin nata gubarsa ta fi yawa ƙwarai. Motocin baya an sa musu matatar hayaƙi, wadda makanikanmu ke kira indomi, tana ƙone yawancin gubar. Amma fa matatar tana bayan manifol ne, abin da ya tsere tun daga manifol ɗanye ne, bai bi ta cikinta ba.

To, ina laifin ya ke? Rabi na mai mota ne, rabi na makanike. Mai mota ya zo gareji yana sauri, ya ce a ɗan toshe masa ya samu ya yi lodin yau. Makanike ya san in ya taɓa notunan nan da suka yi shekara ashirin suna cin tsatsa ɗaya zai karye, in ya karye kuma a ce shi ya ɓata. Sai ya kwaɓa gam ya shafe, ko ya yanko gwangwani ya ɗaure da waya, ko ya danne sauran notunan da dukan ƙarfinsa har fuskar manifol ta daɗa tanƙwarewa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gam ba ya jure wutar da ke sa ƙarfe ja.

Gyaran gaskiya ba shi da wani asiri, haƙuri ya ke so. A bar injin ya huce sarai. A jiƙa notuna da man sassauta tsatsa, in da hali su kwana a jiƙe. Wanda ya ƙi kwancewa a ɗan gasa shi, a juya gaba kaɗan baya kaɗan, kada a sa wa sifana dogon bututu a hau kai. In ƙusa ta karye ta bar guntu, gwani ya kan ɗora noti bisa guntun ya yi masa walda, zafin waldar ya saki tsatsa, a kwance shi salin alin. In sai an huda, lalle a huda a tsakiya sosai, kada a zarce, gama bayan ramin ƙusa akwai hanyar ruwan injin, wanda ya fasa ta ya sayi aiki. Sa'an nan a kankare tsohon gaskit ƙal. Gaskit na da waɗansu da asbesto aka yi su, ƙurarsa tana cutar huhu, sabo da haka a jiƙa shi a kankare, kada a sa masa injin gurza ko a hure da baki.

Nan ne a ke yawan tsallake abu guda. Kafin a mai da manifol a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskarsa a duba. In haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, fuskar ta tanƙware, sai a kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita ta. Sabon gaskit bisa karkatacciyar fuska kwanansa kaɗan ne, gaskit biyu a haɗe ma haka. In an zo ɗauri a soma daga notunan tsakiya a yi waje, kaɗan kaɗan, zagaye biyu ko uku, da sifana mai ma'auni in akwai. Notin tagulla ya fi, domin ba ya mannewa da tsatsa, wanda zai kwance nan gaba ya gode. Bayan mota ta yi tafiya ta huce, a komo a sake duba ɗaurin.

Maganar tsagewa kuwa ta masu walda ce. Ƙarfen zubi ba ya son a zafafa wuri ɗaya sauran yana sanyi. Mai walda da ya kama shi da irin sandar da ya ke haɗa ƙofa da taga, zai ji ƙas a gefen ɗinkin tun bai ajiye kayan aiki ba. Wanda ya san aiki ya kan huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe bakinta, ya gasa manifol ɗin duka, ya ɗinka da sandar nikel guntu guntu yana ɗan bubbugawa, sa'an nan ya binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. In tsagar ta yi rassa, mu dai shawararmu a haƙura da walda, a tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo wani, a kuma gwada fuskarsa tun a wurin saye. Kada a manta da abin da ya jawo ɓarnar tun fari. In robobin da ke rataye da salansa sun tsinke, nauyin bututun duka a wuyan manifol ya ke, haka kuma in kujerun injin sun mutu. Direban da ke afka wa kududdufi da damina da injin mai zafi shi ma ya san abin da ya yi.

Ga masu kukan kuɗi, ga lissafi. A motar da ke da kwamfuta akwai wani ɗan ma'auni cikin bututu mai sansana hayaƙi. In akwai kafa a gabansa iska tana kutsawa ciki, ya gaya wa kwamfuta fetur ya yi kaɗan, ita kuwa ta ƙara. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa ya san abin da lita guda ke ci a aljihu. Bayan wannan, wutar da ke tsartuwa tana gasa wayoyi da robobin da ke kusa, wani lokaci har da bututun fetur.

Muna roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da ma'aikatan duba lafiyar motoci, su sa wannan cikin abin da su ke dubawa tare da taya da birki da fitila. Ba ya bukatar na'ura, kunne da ido sun isa, muddin an duba da safe injin yana sanyi. Shugabannin direbobi a tasha sun fi kowa iko a nan, gama su ke ba da layi, su kuwa suna wurin tun asuba. Motar da ke wannan ƙara a cire ta daga layi sai ta dawo daga gareji.

Fasinja kuma, in kuna tafiya kuka ga mutum biyu ko uku sun kama ciwon kai tare, ko yaro ya yi laushi ba dalili, ku sauke gilasai nan take, ku sa direba ya tsaya ya kashe injin, kowa ya fito ya sha iska. Wanda ya suma ko ya rikice a kai shi asibiti mafi kusa cikin wata mota, a kuma gaya wa likita hayaƙin mota a ke tuhuma.