A Bar Wa Ƙasa Rassan Shayin Da Aka Datse

Itacen shayi, in an ƙyale shi, yakan haura mita 10. Shi ya sa manoma, har da na tsaunin Mambila, suke datse shi bayan 'yan shekaru. Da an sare kan reshe, sinadarin oksin da ke danne tohon gefe sai ya ragu, sababbin rassa su fito.

To, amma ina ake kai abin da aka sare? A ganina, ƙona shi ko kwashe shi don girki babbar asara ce. In an shimfiɗa shi a gindin shuka, yakan riƙe danshi, ya rage zaizayar ƙasa a gangare, ya ruɓe ya mayar mata da naitirojin da fotash. Wanda ya kwashe shi kuwa, zai biya a wajen sayen takin zamani.